Jiragen Gwangwanina Da Gonar Yayata

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya same ni, ko wani ya tsira da shi.

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, ni matashi ne mai aikin gwangwani a bakin kasuwar Daura. Fitilar aci-balbal, mazurari, ma'aunin mai, su nake haɗawa da dalma in ci abinci. Sai dai ina da wani ciwo da ba ya jin magani, wato jiragen yaƙi. Tun ranar da aka naɗe mini tsire a takardar wata tsohuwar mujalla mai hoton jirgi, hankalina ya tashi sama bai dawo ba. Da aiki ya lafa sai in ɗauki almakashi in yanka gwangwanin madara da na tumatir, in fitar da fiffike da jela, in shafa fenti. Ba na kwaikwayon jirgin kowace ƙasa. Nawa nake ƙirƙira, kuma kowanne sai na yi masa tarihi.

A duniyar da na gina a kaina, maƙeran Daura sun riga Turawa hawa sama. Akwai Shirwa, siriri mai dogon hanci, wanda dukawa suka lulluɓe fikafikansa da jar fata. Akwai Gauraka, ƙato mai inji biyu, yana shan man gyaɗa, yana tashi daga wani fako a bayan garin Baure. Akwai Zalɓe, wanda ya tare jiragen Faransa a saman Kongolam, can bakin iyaka, ya yi musu ruwan tulunan barkono har suka juya suna atishawa. Kai, na ji daɗin rayuwata a lokacin nan! Bayan la'asar majalisa takan cika a gindin darbejiyar ƙofar rumfata, in jera jiragen a kan benci, in yi ta zuba.

Abokaina sun san wasa ne, suna ma taya ni ƙari. Amma ranar kasuwa mutanen ƙauye kan tsaya su saki baki, wani ya tambaya ko da gaske ne. A nan shaiɗan yake shiga. Sai in murtuke fuska in ce wallahi tallahi haka aka yi, kakana ma shi ke zuba wa Gauraka mai. Majalisa ta kwashe da dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Wani dattijo mai sayar da igiya ya taɓa jana gefe, ya ce ko tsohuwa za ta yi wa jikoki tatsuniya sai ta buɗe ta da alama ta rufe da alama, don kowa ya san ba labari ba ne, ni me ya sa nake rufe tawa da sunan Allah? Na ce Baba ai raha ce kawai. Ya girgiza kai ya koma kan igiyarsa.

Ina da yaya mace, ita ta goya ni, tana aure a wani ƙauye kusa da Dutsi. Mijinta ya sayi gona a hannun wani tsoho, ba a yi takarda ba, shaidu biyu ne kawai: ni da wani maƙwabcinsu. Allah da ikonsa, mai sayarwa ya rasu, maƙwabcin ya rasu, mijin Yaya ma ya bi su, ya bar ta da marayu. Ba a daɗe ba ɗan tsohon nan ya taso ya ce gonar aro ce, a ba shi abinsa. Magana ta kai gaban alƙali. Aka bayyana wa Yaya cewa idan ta kawo shaida ɗaya adali, ta haɗa da rantsuwarta, gona ta tabbata ta marayu. Ta ce ai magana ta ƙare, ga ƙanenta nan, a gabansa aka yi ciniki.

Na sa farar riga na je, na faɗi abin da idona ya gani, ban ƙara ba ban rage ba. Sai alƙali, kamar yadda ƙa'ida take, ya tambayi abokin shari'a ko yana da suka a kan shaida. Ya ce yana da ita. Ya shigo da mutum biyu 'yan ƙauyensu, ina ganinsu na gane fuskokin daga ranar kasuwa. Suka ce da kunnensu suka ji na rantse da Allah cewa jirgin Daura ya kori Faransawa da barkono. Ɗakin ya ɗauki dariya, har magatakarda ya sunkuyar da kai. Alƙali bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko na yi rantsuwar, na ce na yi. Ya tambaya ko abin ya faru, na ce bai faru ba. Ya ce shi ma ya gane raha ce, amma wanda ya saba ɗora sunan Allah a kan abin da ya san babu shi, da wuya a yanke haƙƙin wani da harshensa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na kasa ɗaga ido in dubi Yaya.

Da shawarar alƙali aka koma sulhu. Dattawa suka raba gonar biyu, Yaya ta sami tudun, ɓangaren fadama ya tafi. Na koma gida na tattara jiragen nan kaf a buhu zan zubar a kududdufi, sai ga Yaya ta shigo. Ta ƙwace buhun ta ce in bar sakarci, gwangwani bai rantse ba, bakina ne ya rantse, shi ya kamata in gyara. Ta zaɓi Gauraka ta ce na 'ya'yanta ne, ta ɗaure a gefen mayafi ta tafi.

Yau alhamdu lillahi. Marayun sun girma a kan tudun nan, babban har ya yi aure. Ina nan ina ƙera jiragena, sun ma fi na da kyau, majalisa tana cika. Sai dai kafin in buɗe baki nakan ce jama'a, wannan ƙirƙirata ce, ba a yi ba, kuma ba wanda daɗin hirar ya ragu masa. 'Yan'uwa masu raha, ku yi abinku, amma ku bar sunan Allah a inda yake, don ba ku san ranar da wani naku zai buƙaci gaskiyarku ba. Har gobe Yaya ba ta taɓa yi mini gori ba. Duk kaka sai ta aiko mini da damin gero, in karɓa in yi godiya, ina sane da cewa daga rabin gona ya fito.