Ghali da Bangon da Hayaƙi Ya Cinye

Ghali ɗan Ƙofar Mata ne, hoton jakunkuna ya kawo shi Guangzhou ta ƙasar Sin. A wata masana’antar jakunkuna da ke Shiling yake yini, yana ɗaukar hoton sabbin kaya yana tura wa ’yan kasuwar Kano. Yana da wata dabara: ta gefe yake haska fitila, sai kowane ɗinki ya fito raɗau.

Wata rana matar mai masana’antar, Madam Lin, ta tsaya a bayansa tana kallo. Ashe binciken tsofaffin zane-zane take yi. Ta ce suna neman mai irin hannunsa a ɗakin aikinsu da ke Panyu.

Da ya je, aka nuna masa ɓallin bango daga wani tsohon wurin bauta, ya yi ɗaruruwan shekaru, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Suka saita kyamarar da ke gani ta ƙarƙashin dauɗa. A hankali fuska ta bayyana a kwamfuta, idanu a lumshe. Ghali ya ja da baya. Abin bautar wasu ne. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Bayan sallar Juma’a ya sami Alhaji Tankari, dattijon da ’yan Arewa ke kai wa matsala, ya zayyana masa abin da ya faru.

“Sujada aka ce ka yi masa?” in ji Alhaji.

“A’a, Baba.”

“To ni ba malami ba ne, ɗana. Ka tambayi masana, kuma kada ka yi abin da ranka bai kwanta da shi ba.”

Ghali ya tambayi malamai, amsoshi suka sha bamban. Daga ƙarshe ya koma ya ce wa Madam Lin zai ɗauki hoton furanni da tufafi da adon gefe, ban da fuskoki. Ta ce to.

Wasu abokansa suka laƙaba masa “mai hoton gumaka”. Abin ya yi masa ciwo, har ya daina zuwa inda suke cin abinci. Iddrisu kaɗai, wani mai lodin kaya ɗan Kumasi, ya ce sai ya gani da idonsa.

Ghali ya buɗe masa hoton wani reshe da ya fito daga ƙarƙashin baƙin, ya nuna inda hannun mai zanen ya goce, ya shafe, ya sake.

Iddrisu ya jawo kujera.

“Wannan shuɗin, da me suka haɗa shi?”

“Dutse suka niƙa,” in ji Ghali, ya matsa masa.