Takardar Auren Kande da Mai Rijiya

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin adana tsofaffin takardu a garin nan na Kaduna, kuma na manta da abubuwa da yawa, amma akwai wata Litinin da ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku gyara zama in ba ku labarinta. Har gobe in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Lokacin ni ne babban jami'i mai kula da ɗakin bincike. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake: mutum zai zo ya cike 'yar takardar neman fayil, mu shiga ma'aji mu ɗauko masa, ya zauna a gabanmu ya karanta. Ba a fita da fayil, ba a ɗaukar hoto da waya. In yana son kwafe sai ya rubuta buƙata, a haɗa da fayil ɗin a kai wa Darakta ya sa hannu, sannan a buga hatimi. Kwana uku na aiki ke nan in an yi sa'a. Kowane shafi kuma yana da lamba da jan fensir a kusurwarsa, don in an zare ɗaya a gane.

Bayan Babbar Sallah da 'yan makonni wata dattijuwa ta shigo ɗakina, Hajiya Ladi daga Kurmin Mashi, tsohuwar malamar firamare. Muka gaisa, ta zauna, ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta ce, "Ɗan nan, kakana na zo nema. Bature ne."

Na ce, "To Mama, yaya sunansa?"

Ta ce, "Mai Rijiya muka san ana ce masa. Shi ke nan abin da na sani."

Sai ta warware mini zancen. Wannan Bature yana cikin na farko-farko da suka zo da aikin jirgin ƙasa, da aikin ya ƙare bai koma ba, ya zauna yana sayen fata da ƙiraga. Ya zauna da wata Bahaushiya mai suna Kande, ta haifa masa ɗa namiji, Audu, shi ne mahaifin Hajiya. Daga baya Baturen ya koma ƙasarsu ya bar su. Kande ta mutu tana rantsuwa cewa sai da ya musulunta aka ɗaura musu aure a gaban alƙali, amma babu wanda ya yarda. Audu ya yi rayuwarsa ana nuna shi da baki, ana cewa ɗan gaba da Fatiha ne.

Abin da ya taso da ita shi ne jikarta Maryam. Wani yaro ɗan gidan malamai a Rafin Guza ya fito neman aurenta, yaran suna son juna, har an kai gaisuwa. Da dangin yaron suka shiga binciken asali sai tsohon zancen ya tashi. Mahaifin yaron ya ce shi ba ya zaluntar kowa, a kawo masa shaida cewa an yi auren nan, in an kawo a sa rana, in ba a kawo ba kowa ya yi haƙuri.

Mako uku na yi ina nema, don fayil ba ya ɗauke da sunan da Hausawa suka laƙaba wa mutum. Na bi takardun hayar fili na gefen layin dogo ɗaya bayan ɗaya, har na faɗa kan wani Bature da ya nemi izinin haƙa rijiya a harabar shagonsa na fata. Daga nan na samu sunansa na Turanci, na zaro fayil ɗinsa. Duk Turanci ne, sai shafi na goma sha bakwai, wata takarda da ta yi ja don tsufa, an rubuta ta da tawada da alƙalami, da ajami. Ni kuwa sai da na sauke kafin a sa ni boko, ajami ba ya ba ni wuya. Wasiƙar alƙali ce zuwa ga Joji, Baturen da ke mulkin gari a lokacin, yana shaida cewa wannan Bature ya karɓi kalmar shahada a gabansa, ya auri Kande da sadaki da waliyyi da shaidu, ga sunayensu, ga hatiminsa.

Ranar Alhamis na kira Hajiya ta zo, na karanta mata a hankali, mu biyu a ɗakin. Ta rufe fuska da mayafi tana ta hamdala. Da ta natsu ta ciro wayarta ta ce, "Ɗan nan, bari in ɗauka in kai musu yau ɗin nan."

Na ce, "Mama, doka ta hana. Ki yi haƙuri zuwa Laraba, in ba ki kwafe mai hatimi wanda ba mai ja da shi."

Ta ce, "Minti ɗaya fa."

Na ce, "Doka ce, Mama."

Ta mayar da wayar jaka. Na rubuta buƙatar da hannuna, na haɗa da fayil na kai teburin Darakta, na tafi gida ina jin na yi aikin kirki.

Darakta namu, ba zan kama sunansa ba, mutum ne mai digiri har biyu da son a gan shi da baƙi. Ashe akwai wata Baturiya da ta yi mako guda a gari tana zarya ofishinsa. Tattaɓa-kunnen Mai Rijiya ce ta wajen matar da ya aura bayan ya koma Ingila, tana haɗa salsalar gidansu. Darakta ya yi ta lalube bai samo mata komai ba, kuma girman kai ya hana shi ya tambaye ni. Da ya ga sunan a bangon fayil ɗin da na kai masa, ko buƙatar da ke kai bai karanta ba, ya ɗauki waya ya kira ta.

Litinin da hantsi na shiga ofishinsa in tuna masa da sa hannu. Me zan gani? Baturiya ta shimfiɗa wata ƙatuwar takarda a kan tebur, an zana sunayen kakanninta reshe-reshe tun daga wani ƙauye a ƙasarsu, babu Kande babu Audu. Ga ta tsaye da waya tana ɗaukar hoton fayil shafi bayan shafi, Darakta da kansa yake buɗa mata, yana washe baki. Dokar da na hana tsohuwa da ita ran Alhamis! Na ce, "Yallaɓai, akwai buƙata a kan fayil ɗin nan." Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam Garba, ba ka ga ina da baƙuwa ba? Anjima." Na haɗiye na fita.

Bayan La'asar aka dawo mini da fayil. Na ƙirga shafuka kamar yadda muka saba. Goma sha shida, sai goma sha takwas. Na sake ƙirgawa. Na zazzage fayil ɗin, na duba ƙarƙashin tebur. Ban san lokacin da na isa ofishinsa ba, ko sallama ban yi ba.

"Yallaɓai, ina shafi na goma sha bakwai?"

Ya ce, "Wanne? Au, wannan 'yar layar? Ta ce rubutun ya yi mata kyau, na ba ta tsaraba. Ai ba ya cikin tarihin mutumin, wani ne ya cusa shi."

Na ce, "Ka karanta?"

Ya ce, "Ni ina ruwana da rubutun allo?"

Inna lillahi! Na ce, "Yallaɓai, rubutun allon nan takardar auren mutumin ce. Mutuncin gida guda ne ka naɗe ka ba baƙuwa tsaraba kamar kilishi! Kai aka ba amanar gidan nan, ba ka iya karanta abin da kakanninka suka rubuta ba, kuma ba ka iya tambaya ba!" Ya miƙe ya ce in san da wa nake magana. Na ce na sani sarai, shi ya sa nake faɗa. Na ce ya kira ta yanzu ta dawo da ita. Ya ce shi ba zai zubar da girmansa ya karɓe kyautar da ya bayar ba. Na garzaya masaukinta a kan babur, aka ce tun azahar mota ta wuce da ita Abuja.

Washegari takardar tuhuma ta riga ni zuwa tebur, wai na yi wa na gaba da ni rashin ladabi. Wanda ya zare shafi kuwa ba wanda ya tuhume shi.

Laraba Hajiya ta zo da sabon lulluɓi, da Maryam a bayanta. Ban taɓa jin nauyin bakina irin na ranar ba. Da na gama faɗa mata, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce zan je da kaina in ba da shaida. Na je Rafin Guza na sami mahaifin yaron a zaurensa cikin littattafai, na faɗa masa abin da na karanta kalma da kalma, har da sunayen shaidu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Garba, ban ƙaryata ka ba. Amma kai kaɗai ka karanta. Akwai na biyunka?" Babu. Mutum bakwai ne a sashenmu, ban kira ko ɗaya ya duba ba.

Na samo adireshin Baturiyar a littafin baƙi na rubuta mata, na sake rubutawa, na yi ta uku. Sai bayan wata huɗu ta amsa. Ta ce ita kyauta shugaban ofis ya ba ta, ba za ta iya mayarwa ba, kuma danginta ba su san da wata mata a Afirka ba, sun fi son a bar salsalarsu yadda take. Ta haɗo da hoto: ga wasiƙar alƙali cikin gilashi a bangon falonta, an rataye ta a kife. Kafin nan kuwa an ɗaura wa yaron aure da 'yar baffansa.

Na buga hoton a takarda na kai wa Hajiya har gida. Ta juya shi daidai, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Babana ya yi shekara saba'in yana sunkuyar da kai a garin nan, ashe takardarsa tana nan, tafiyar ƙafa daga gidanmu. Da ta fito kuma kwana huɗu ta yi ta tafi Ingila." Maryam tana daga ɗaki, ba ta fito ta gaishe ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Darakta ya yi ritaya da walima da jawabai. Ni na ƙi zuwa.

To ku ji abin da na koya, ko ya yi muku daɗi ko bai yi ba. A aikin nan doka tana da ƙarfi ne a kan mai zuwa da ƙafa, in mai mota ya zo da kanmu muke buɗa masa shafi. Kada ku zama haka. Duk wanda bai iya ajami ba a cikinku ya je ya koya, don wanda bai iya karanta takarda ba shi ne yake kyauta da ita. In kuka sami shafin da mutuncin wani yake rataye a kai, ku kira abokin aiki ya karanta tare da ku, ku rubuta abin da ke ciki a littafi, ku sa hannu ku biyu kafin fayil ya bar teburinku. Na yi fushi da Darakta, ina kuma kan yi. Amma shi bai san abin da ke cikin takardar ba. Ni na sani, ni ne kuma na ce wa tsohuwa ta mayar da wayarta jaka.