Sha'aban Mai Yankan Laka

Sha'aban ɗan Nguru ne, ɗan masunta. Ya tashi yana bin mahaifinsa bakin ruwa, sai dai Allah ya yi kansa na boko ne. Ya karanci kimiyyar sinadarai a Kano, daga nan aka tura shi Manchester digiri na uku. Ya kama ɗaki a unguwar Hulme, kullum a keke yake zuwa jami'a.

Aikinsa laka ce. A arewacin Kanada akwai inda ake haƙar yashi mai haɗe da ɗanyen mai. Hayaƙi da ƙurar wurin kan bi iska su sauka a tafkunan da ke kewaye, su kwanta a ƙasan ruwa. Ana cusa bututu a ciro lakar, a aiko ta a daskare. Shi kuma ya yanka ta falle-falle, ta ƙasa tsohuwa, ta sama sabuwa, ya auna dattin man da ke cikin kowace. Da ya yi wa mahaifiyarsa bayani a waya, dariya ta yi ta ce, "Yanzu Sha'aban, lakar ma sai ta Turawa?"

Cikin sanyin shekararsa ta biyu, keke ya zame da shi a kan ƙanƙara, ya karye a wuyan hannun dama. Ga shi an riga an sa masa ranar awo a wani lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, da ke Birmingham, in ta wuce kuwa sai baɗi. Yana zaune gaban firiza ya yi tagumi, sai ga Celestina, ma'aikaciyar lab ɗinsu. A unguwar Gorton ta nan Manchester aka haife ta, iyayenta mutanen Jos ne, Hausarta kuma wurin kakarta ta tsinta.

"Malam, lafiya? You look finished."

"Hannun ne, Celestina. Ko wuƙa ba na iya riƙewa."

"To ni ba ni da hannu ne? Kai ka faɗa, ni in yanka."

Haka aka yi. Yana nuna mata kauri, tana yankawa, har suka gama. Ita ta tuƙa shi Birmingham a motarta. Can kuma Alhaji Abdurrahim, wani dattijo mai shago a Balsall Heath wanda ya san kawun Sha'aban, ya sauke su, matarsa ta tuƙa musu tuwo da miyar kuka.

Awo ya nuna lakar sama ta fi ta ƙasa datti nesa ba kusa ba. Aka haɗa shi ta bidiyo da mutanen da ke zaune a bakin tafkin da aka ciro lakar. Wani tsoho ya tambaye shi ko jikokinsa za su iya cin kifin. Sha'aban ya ce laka kaɗai ya auna, sai an gwada kifin kansa. Tsohon ya gyaɗa kai, ya gode masa da bai rufe shi ba.

Yanzu yana Birmingham da iyalinsa, yana aikin duba tsabtar ruwan koguna. Hannun kan yi masa tsami in sanyi ya shigo. Duk Babbar Sallah sai ya hau jirgin ƙasa ya kai nama Gorton, mahaifiyar Celestina ta tare shi a ƙofa tana faɗa don bai zo mata da 'yarsa Inaya ba.