Jiƙon Gwaggo da Kumburin Jegona

Jama'a, sallama. Maganar nan ta kusa shekara hamsin a cikina, ko ƴaƴana ban taɓa gaya musu ba. Jiya na ga wata a waya tana tallar haɗin mai jego, wai kowane kumburi sanyi ne. Raina ya ɓaci, na ce yau kam sai na faɗi.

A shekarun saba'in ne, bayan farin da ya cinye shanu. Na koma gidan iyayena a wani ƙauye kusa da Dungas don haihuwar fari. Na sauka lafiya, ɗiya mace.

Gwaggo Laraba, yayar babana, ita ta karɓi jegon. Duk garin ita ke wa masu jego wanka, ba mai ja da ita.

Safe da yamma, tafasasshen ruwa da ganyen tsamiya da na darbejiya, tana fyaɗa mini har numfashina ya ɗauke. Sai kunun kanwa da citta da kanumfari da masoro. Bayansa jiƙonta na musamman: sabara, ɓawon kalgo, ƴaƴan tsamiya, da dunƙulen jar kanwa a ƙasan ƙwarya.

Kwana ashirin, ƙafafuna suka kumbura. In na danna yatsa, ramin ya zauna.

Sai tari. Sai na kasa kwanciya, a jingine da bango nake barci. Daga ɗaki zuwa bayi sai na tsaya sau uku ina haki.

Na ce, "Gwaggo, ƙirjina."

Ta ce, "Sanyi ne ya shige ki, ƴar nan. Raki gare ki." Ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa.

Innata tana gani, amma kunyar ɗiyar fari ta hana ta buɗe baki. Kunya! Ina mutuwa a gabanta, ita tana kunya.

Ranar da maigidana ya zo daga Waca ya gan ni, fuska kamar an hura salka, bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗora mu a amalanke, ni da jaririya da Gwaggo, sai asibitin Magariya.

Majo, wato babban malamin asibitin, ya sa abin saurare a bayana, ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya ɗora ni a sikeli. Ya ce wa maigidana, "Zuciyarta ta gaji, ruwa ya taru a huhunta. Ba gishiri, ba kanwa, ba wankan zafi. Ko ɗanɗane."

Allura da safe, ƴar ƙwaya fara da rana. Fitsarina a kwalba ake tara shi a auna. Kullum sikeli. Tumaki biyu maigidana ya sayar don magani. Matar da ke gadon kusa da ni aka fitar da ita a lulluɓe, na riƙe ɗiyata ina tunanin wa zai ba ta nono in na bi ta.

Kwana biyar, kumburi ya fara saɓewa. Na kwanta a bayana na yi barci.

Sai kuma ya dawo. Sikeli ya hau, haki ya dawo.

Majo ya rasa dalili, har ranar da ya tarar da Gwaggo tana miƙo mini ƙwarya. Ya karɓa, ya tsoma yatsa, ya lasa, ya tofar. Ya juye ta a ƙasa, ga dunƙulen kanwa bai gama narkewa ba.

Ya ce, "Iya, kashe ta kike yi."

Ta ce, "Ganye ne fa, ɗan nan. Da shi aka yi jegon uwarka."

Ashe a ƙarƙashin mayafi take shigo da shi, ta ce mini tsamiya ce kawai don ɗacin baki. Ni ma na ji kanwar a harshena. Na sha, don ban iya ce wa yayar babana a'a ba.

Majo ya hana ta shiga ɗakin. Bayan sati uku aka sallame ni, na fito da ƙafata.

To ga abin da ke cin raina har yau.

Muna komawa gida, Gwaggo ta bi gida gida tana cewa maganin nasara ya kasa, jiƙonta ne ya tashe ni. Mata suna zuwa barka suna sa mata albarka a gabana. Na sunkuyar da kai. Ban ce uffan ba, wai kada in kunyata babba.

Damina ta zagayo, Sa'a ɗiyar kawuna ta haihu. Ɗaki ɗaya muka tashi da ita. Gwaggo ta karɓi jegonta. Da ƙafafunta suka kumbura, mijinta ya ce a tafi Magariya, aka ce masa, "Haba, ga ƴar'uwarta can, jiƙo ya warkar da ita."

Da ni aka yi misali. Sa'a ba ta kai kwana arba'in ba.

Gwaggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya yafe mata, ni dai na sha fama kafin bakina ya iya faɗin haka. Fushina da kaina ya fi yawa.

Na gode wa Allah da ya ja kwanana. Na gode wa maigidana da bai tsaya sallamar kowa ba, da majon nan da ya lasa ƙwarya. Allah ya jiƙansu.

Ba na zagin ganye. Har gobe ina shan zoɓo da tsamiya da citta. Amma mai jego in ta kumbura, ko tana haki, ko ta kasa kwanciya, ku kai ta asibiti ranar. Ku tambayi abin da ke cikin kowace ƙwarya, ku gaya wa likita duk abin da aka sha. Abin da aka hana, kada a shigo da shi a ɓoye, ko wa ya kawo.

In kuma kun warke, ku faɗi gaskiyar abin da ya warkar da ku, da ƙarfi, a gaban kowa. Ni na yi shiru, aka binne Sa'a.