Warƙoƙin Gwaggo

A da, a cikin birnin Kano, in mutum ya ga takarda a ƙasa sunkuyawa yake yi ya ɗauka. In ya ga baƙaƙen Larabci a jikinta sai ya kakkaɓe ta, ya nemi tsagar katanga ya cusa, don kada ƙafa ta taka sunan Allah. Yanzu takardu da ledoji sun toshe kwatoci, ba mai sunkuyawa. Sa'o'ina kan ce da can ya fi, ni kuwa ba na saurin amsa musu, saboda wannan ladabin na da ya taɓa cinye mana wani abu a gidanmu wanda har yau ba a mayar ba. Kwanan baya na ratsa ta Madabo, na ji ƙanshin dafaffiyar tawada yana fitowa daga wani soro, sai na tsaya a bakin lungun kamar wadda aka kira.

A Madabo aka haife ni, a gidan malamai. Babba a gidan shi ne yayan mahaifina, muna ce masa Baffa. Daga shi sai ƙanwarsa Gwaggo, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida ba ta da ɗa ko ɗaya. Ɗakinta na ƙarshe ne, kusa da rijiya. Mahaifinsu ya koyar da ita karatu tare da maza, hannunta ma ya fi na Baffa kyau, kowa ya san haka, ba dai a faɗa a gabansa. Sauran tsofaffi suna yi wa yara tatsuniya da baki. Gwaggo rubuta nata labaran take yi, da ajami, da alƙalamin kara, kuma ba tatsuniyoyin da aka gada ba ne, ita take ƙago su. Akwai na jakin da ya ƙi shiga Ƙofar Ruwa sai an gaya masa dalili. Akwai na tela mai ɗinka wa kaji riguna. Yaran cikin labaranta irinmu ne, suna da majina, suna tsoron aike in gari ya yi baƙi da hadari.

Yadda take ba mu karatun shi ne abin da ban taɓa gani a wani wuri ba. Littattafan malamai na wancan lokaci ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin bangon fata, kuma a ƙasan kowace warƙa ana rubuta kalmar farko ta wadda ke bi mata, don kada su cuɗe. Haka Gwaggo take yin nata. In ta gama sabon labari, bayan la'asar sai ta tara mu a ƙofar ɗakinta, mu na gida da na maƙwabta, ta karanta mana warƙar farko kaɗai. Daidai inda labari ya yi daɗi sai ta yi shiru. Sauran warƙoƙin ta hautsina su, ta miƙa wa kowa ɗaya.

"Gwaggo, to sai me ya faru?"

"Ni na sani? Na tsufa, na manta. Yana hannun ɗayanku."

In kana son ci gaba, dole ka karanta taka, ka duba kalmar da ke ƙasanta, ka bi gida-gida kana neman wanda tasa ta fara da wannan kalmar. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba yakan iya cikin mako biyu, don ba wanda ke son a ce labari ya maƙale a hannunsa. Waɗanda suka yi faɗa da safe sukan shirya da yamma, saboda warƙar ɗaya tana buƙatar ta ɗayan. Ranar Alhamis kowa ya dawo da tasa, a jera, a karanta daga farko har ƙarshe. Tana kallon fuskokinmu. In ta ga an yi hamma a wani wuri, sai ta ce, "Nan ya yi sanyi," ta cire warƙar ta sake rubutawa. Daga baya na zauna a Yamai da Khartum da Alƙahira, na yi shekaru a Ingila, na shiga ɗakunan karatun yara masu darduma da hotuna a bango. Ban ga inda aka sa yaro ya yi gudu a kan ƙafarsa yana neman shafi na gaba ba sai a lungunmu.

Ina da shekara tara a shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Damina ce. Garin ya cika da takardu irin yadda ba mu taɓa gani ba, hotunan 'yan takara a kowace katanga, ruwa ya jiƙa su, su zubo, awaki su ci. Da boko aka rubuta su, saboda haka ba wanda ya damu. Baffa ya shiga siyasa da ƙarfinsa. Kullum soronmu cike da mutane, ana maganar 'yanci, ana cewa bana kowa zai buɗe baki, har mata za a fitar su zaɓi wanda suke so.

A wani mako cikin daminar muna kan labarin wata yarinya da ruwan sama ya tafi da takalminta, ta bi shi har ta fita ganuwa. Warƙa ta bakwai ce a hannuna. Na naɗe ta na soke a ƙugun zanena, na fita neman mai ta takwas. Sai ga motar 'yan siyasa a bakin titi da lasifika, ana watsa takardu da alewa. Na bi ta da gudu tare da sauran yara. Da na dawo na laluba ƙuguna, babu. Na bi lungun sau uku ina dubawa har aka kira magariba, na shige gida na kwanta na ce ciwon kai nake.

Ladanin masallacinmu ne ya tsince ta washegari a cikin kwata, jiƙe da ƙazanta. Dattijo ne mai tsoron Allah, ban taɓa jin ya ɗaga wa yaro murya ba. Tawadar ta zube, amma layi ɗaya ya rage, inda yarinyar take cewa in Allah ya yarda za ta samo takalminta. Ya wanke hannunsa, ya ɗora warƙar a kan tafinsa ya kawo wa Baffa a soro, a gaban baƙinsa na siyasa. Wannan shi ya fi yi wa Baffa ciwo. A ce gidan malamai, a Madabo, a kakar zaɓe.

Aka tara mu a tsakar gida, yara goma sha wani abu. Baffa yana tsaye da dorina a hannu, Gwaggo tana zaune a kan tabarmarta.

"Wanda ya yar da wannan ya fito," in ji shi. "In ya fito, shi zai sha, magana ta ƙare a kansa. In bai fito ba, to na gane ba a iya riƙe takarda a gidan nan, zan karɓe duka."

Na san dorinar nan. Na ga abin da ta yi wa bayan yayana. Na sunkuyar da kai ina kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero, na ce a raina in ta kai gindin turmi zan yi magana. Ta kai, ta wuce.

Baffa ya juya wajen Gwaggo. "Ke kika raba musu. Wa kika ba?"

"Yaya, yara ne da yawa."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Na manta," in ji ta.

Sai ya ce da ma ya daɗe yana kawar da kai. Baƙaƙen da aka saukar da Alƙur'ani da su ba na labarin jaki ba ne. In takardun nan masu alfarma ne, ba su dace da ƙugun yara ba. In kuwa ba su da alfarma, me ya kai sunan Allah cikinsu?

"Wane Bahaushe ne zai yi magana uku bai ambaci Allah ba?" in ji Gwaggo. "So kake yaran cikin labarina su zama arna?"

Wata daga cikin matan gidan ta yi dariya ta toshe baki. Dariyar nan ba ta taimake mu ba.

"Ki rubuta da boko."

"Ban iya ba. Kuma rabin waɗannan ba sa zuwa bokon. Fataken goro da ajami suke rubuta wasiƙunsu, ban ji ka hana su ba."

"Fatake ba sa yar da su a kwata."

Aka aiki yara gidajensu su kawo abin da ke hannunsu. Aka shiga ɗakinta aka fito da gafaka uku cike da warƙoƙi, aikin shekaru. Ina so mai karatu ya fahimci wannan: ba da fushi aka ƙone su ba. Yadda ake yi wa tsofaffin takardun karatu in sun lalace haka aka yi musu. Aka share wuri mai tsabta a bayan gida, Baffa ya yi alwala, ya yi bisimilla, ya kunna. Ladan yana gefe yana tattaro waɗanda iska ta ɗauka don kada ko ɗaya ta faɗa inda bai kamata ba. Da suka zama toka aka haƙa rami aka binne, aka ɗora dutse. Ban taɓa ganin an girmama aikin Gwaggo kamar ranar ba.

Ranar farko da na sauka a Alƙahira, bayan shekaru, na sayi soyayyen wake a bakin titi, mai sayarwa ya naɗe mini a cikin jarida ta Larabci. Na tsaya riƙe da ita, mai yana ratsa baƙaƙen, na rasa inda zan kai ta. Mutumin ya ɗauka canji nake jira. A can na fara gane cewa su baƙaƙen na kowa ne, ana rubuta addu'a da su, ana rubuta farashin albasa. Ban ce tasu hanyar ta fi ba. Amma yaransu suna da littattafan labari da waɗannan baƙaƙen, ba wanda ya binne musu.

Bayan ƙonawar da 'yan kwanaki aka yi zaɓe. Baffa ya sa aka kawo mota ta kwashi matan gidan. Gwaggo ta sa mayafinta ta bi su. Da ta dawo na ga babban yatsanta da shuɗin tawada. Ta zauna a bakin rijiya tana goge shi da toka. Mahaifiyata ta tambaye ta yaya abin yake.

"Sun kama mini hannu sun dangwala," ta ce. "Yaron da ke aikin zaɓen ya ce, Baba, kada ki damu, ba sai kin iya rubutu ba."

Farar hula suka hau. Aka yi kiɗa a gari, Baffa ya sami kujera a wani kwamiti na ilimi. Bayan la'asar yara suka ci gaba da zuwa ƙofar ɗakin Gwaggo na wani lokaci, tana ba su gyaɗa, tana tambayar iyayensu. In an ce ta yi labari ko da baki ne, sai ta ce ai ga tsofaffi nan cike da gida. A hankali suka daina zuwa. Kurtun tawadarta ya bushe, wata kishiyar mahaifiyata ta ɗauka tana zuba kwalli.

Sai da na yi aure, ina shirin bin mijina ƙasar waje, na shiga yi mata sallama. Idonta ya fara rauni. Na durƙusa na ce akwai abin da nake so ta yafe mini.

"Ta bakwai," ta ce. "Ke na ba. Ta takwas tana wajen 'yar gidan mai gishiri, da kin bi ta can da kin same ta."

"Gwaggo, kin sani, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa da ya fasa miki baya. Yaron da aka daka a kan takarda ba ya sake ɗaukar takarda don daɗi. Na ga haka a gidan nan tun kafin a haifi ubanki."

Na ce mata ai da bayana ya warke cikin mako guda.

"Haka ne," ta ce. "Na yi zaton za ki fito. Ke ma kin yi zaton zan faɗa. Tashi, mijinki yana jira a soro."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta rasu ina Khartum, saƙon bai iske ni ba sai bayan an yi sadakar bakwai.

Na karanta littattafai da harsuna huɗu tun daga lokacin, kuma duk wanda na buɗe na san wadda ta saya mini shi da abin da ta biya. Ciniki ne marar kyau. Yarinya ɗaya aka tsirar, yaran unguwa guda suka rasa. Na gwada rubuta labaranta daga abin da na tuna, amma abin da ke fitowa nawa ne, ba nata ba, kuma sa'o'ina da suka rage kowa da guntun da ya riƙe, ba su haɗuwa. Yanzu gidan an raba shi gado, an yi shaguna a inda ɗakinta yake, an zuba siminti a bayan gida. Jikokina suna da littattafai masu launi da aka buga a wasu ƙasashe, kowa yana karanta nasa shi kaɗai, in ya karanta. Tun daga daminar nan ba a sake rubuta wa yaran lungunmu labari ba, kuma ba wanda ya sake ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci yana neman ci gaban karatu.