Moton Da Na Auna Kamar Ragon Layya

Gaisuwa ga masu wannan mujalla da masu karanta ta. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni ne mutumin da ya san komai a unguwar Minguettes ta Vénissieux. Da safe ina tuƙa ƙaramar motar ɗaga kaya a wani sito, da yamma kuwa ina gindin benenmu da butar shayi, ina ba da fatawa a kan duk wani abu mai inji da ke bayan ƙasa. Iyakar ilimina shi ne shekara huɗu da na yi ina gyaran moton kabu-kabu, wato babur, a Maraɗi, amma a bakina shekarun nan sun haihu sun yi jikoki. Har na taɓa gaya wa jama'a cewa na gyara jirgin sama da igiyar guga, kuma wallahi akwai waɗanda suka gyaɗa kai. Ba na jin ina cutar kowa. Mutane sun gaji da aiki da sanyi, ni kuma ina sa su dariya, a ganina sadaka ce nake yi.

Cikin masu zaman shayin akwai wani da nake kira Yaya, kuma a nan ma haka zan kira shi. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka Lyon da jaka guda da takalmi buɗaɗɗe a tsakiyar sanyi, a ɗakinsa na kwana wata biyar, shi ya koya mini shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba tare da na ɓace ba. Bagobiri ne, ni kuwa Bakatsinen Maraɗi, don haka tsakaninmu wasa ne tun kaka da kakanni. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai bawansa. Ni kuma in ce masa kaza ce ta yi tono a kumatunsa yana jariri, shi ya sa zanen nan. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan shi ne matsalar. Yaya ya daɗe yana aiki a wata izin, wato masana'anta, ta Saint-Fons, ƙirjinsa kuma ya zo ya ƙi iskar gari gaba ɗaya, har likita ya ce masa in yana son ganin jikokinsa ya nemi inda iska take da tsabta.

Allah ya kawo masa hanya. Ya saba zuwa duwatsun Savoie lokacin hutun bazara yana yi wa wata tsohuwar Bafaranshiya girki a gidan baƙinta, wani gidan katako can saman dutse inda masu yawo suke ci su kwana. Da ƙafafunta suka gaza, ta ce za ta bar masa riƙon gidan na sanyi guda a matsayin gwaji, in ya iya, gidan ya zauna a hannunsa. Sharaɗi ɗaya ne. In dusar ƙanƙara ta sauka babu motar da ke hawa wurin, sai moton ƙanƙara, wanda suke kira motonej, da shi ake kai gas da gari da nama. Nata ya mutu, dole Yaya ya nemi nasa. Ya bincika ya samo guda biyu na hannu, ɗaya a wani ƙauye gaba da Lyon kaɗan, ɗaya a Bobigny kusa da Paris. Shi yana ƙarasa kwanakinsa na ƙarshe a izin, ba shi da lokacin yawo. Sai ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce wai amfanin bawa kenan, in je in duba su in zaɓa masa. Ni da ban taɓa ko taɓa irin abin nan da hannu ba, na buga ƙirji na ce moto moto ne, ko a kan wuta yake tafiya.

Na fara da na ƙauye. Wani tsoho mai jan hanci ya buɗe mini rumbunsa, na ga wani abu siriri dogo, fentinsa ya koɗe, an liƙe kujerarsa da salatif, da ya tayar da shi kuwa hayaƙi ya cika wurin kamar ana gasa kilishin gari guda. A nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. A kasuwar raguna, in za ka sayi na layya, kama gindinsa kake yi ka ɗaga, in ya yi nauyi ka san akwai nama. To haka na kama bayan moton nan na ɗaga, ya taso mini ba wahala. Na ce a raina wannan ai ramammen rago ne. Tsohon ya tambaye ni ina za a yi aiki da shi, na faɗa masa, ya ce ya san wurin sarai, kuma can sai wannan, saboda pudrez. Ni na san pudur hoda ce, sai na tambaye shi ko matan dutsen ne ke hawansa zuwa biki. Bai yi dariya ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla, cewa pudrez ita ce sabuwar ƙanƙara mai laushi kamar gari, wadda mutum ke nutsewa cikinta har ƙugu. Ya nuna mini dogon bel ɗin roba mai manyan haƙora da ke ƙarƙashin moton, ya ce tsawonsa da rashin nauyin su ne ke sa shi yawo a samanta. Ya ce mai nauyi da gajeren bel, duk kyansa, a wancan kwarin zai nutse har kunne. Ba zan ce ban ji ba. Na ji, na kuma gane. Na dai ce da kaina kowane mai sayarwa haka yake yabon kayansa.

Asabar ta zagayo na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, kuma in faɗi gaskiya tun kafin in sauka na riga na zaɓa. Ina son a ce daga Paris na kawo shi. 'Yan uwa a Bobigny suka cika ni da dambu da soyayyen nama, suka raka ni garejin mu huɗu kamar masu zuwa neman aure. Aka yaye masa bargo, sai ga shi ja wur yana ƙyalli, kujera kamar ta ministan da bai daɗe da hawa ba, har maƙallan hannunsa suna ɗumi in ka danna wani maɓalli. Injin yana magana a hankali kamar mai kunya. Na kama bayansa in ɗaga, ko motsi bai yi ba, muka taru mu uku, da ƙyar ya ɗan saki ƙasa. Na ce alhamdulillahi, ga rago. Bel ɗinsa gajere ne, na gani da idona, na kawar da kai. A waya na gaya wa Yaya jan nan na zaɓa, ya tambaye ni me tsohon ƙauye ya ce, na ce wai nasa na kai hodar mata ne. Ya yi dariya, ya yi tari. Sai ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba, ya tambaye ni ko na tabbata, don wannan gida shi ne numfashinsa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, Bagobiri bai san inji ba.

Makonnin farko sun ba ni gaskiya, kuma su ne kwanakin da na fi kewa a duk zamana na ƙasar nan. Ƙanƙarar ba ta yi yawa ba, hanya a daddanne take, jan moton yana hawa kamar sarki. Duk ƙarshen mako ina can. Murhun itace yana ci, Yaya yana tuƙa tuwon simul, wato tsakin alkama, da miyar gyaɗa, Turawa suna shigowa da jajayen kumatu suna neman ƙari, wani ma ya zuba cuku a kai, muka kalli juna muka ce Allah ya shirye shi. Tarin ya tafi kamar an ɗauke da hannu. Da hantsi yakan shimfiɗa darduma a bakin taga, duwatsu fari fat a gabansa, in ya sallame ya ce mini wai tun da ya bar Gobir bai taɓa jin sararin sama ya yi masa daidai ba sai a nan. Yana rera waƙoƙin noma yana wanke tukwane. Ni kuma ina gaya wa baƙi cewa ni ne injiniyan gidan.

Sai wata Juma'a cikin Janairu sama ta buɗe, ta zuba kwana biyu ba tsayawa. Ranar Lahadi da safe gari ya waye tas, rana tana haske, ana jiran baƙi da yawa, gas kuma ya kusa ƙarewa. Saukowa sayen gas ba ta ba mu wuya sosai ba, gangara ce. Muka ɗaure tulunan gas biyu da buhun gari muka juyo, Yaya yana tuƙi ina bayansa. A tsakiyar kwarin, inda iska ta tara ƙanƙara, moton ya yi wani nishi ya zauna. Na ce ya ba shi wuta, haka muke yi a rairayi. Ya ba shi, bel ya yi ta haƙa, muna kallo muna nitsewa kamar masu gina rijiya. Na ce ya ƙara. Da muka sauka, ƙanƙara ta kai mini ƙugu, na tuna fuskar tsohon nan da jan hancinsa. Muka sauke kaya, muka yi ta tono da hannu da shebur guda, har rana ta take. Sai Yaya ya ce in ja ta gaba shi ya ɗaga bayan. Ni na san mu uku muka kasa ɗaga shi a Bobigny, ƙarti masu cin nama. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga in na faɗa dole in faɗi sauran. Sai kawai na kama gaba. Ya sunkuya, ya yi bismilla, ya yunƙura. Ban ji ƙarar komai ba, na dai ga ya durƙusa a hankali ya kwanta a gefensa, ya ce mini a nitse wai bawa, bayansa ya tafi.

Masu ceto ne suka sauko da shi a kan gadon da ake ja bisa ƙanƙara. Aka yi masa aiki a baya, ya yi watanni yana koyon tafiya. Tsohuwar ta zo asibiti da kanta ta yi kuka, amma gida a kan dutse ba ya jiran mai jinya, kafin mako ya zagayo ta ba wasu mata da miji. Yaya ya dawo Minguettes, tarin ya dawo tare da shi, bai ƙara shekara ba ya haɗa kayansa ya koma gida. Ranar da na raka shi filin jirgi yana dogara sanda, ni ne nake ta zuba, don in na yi shiru wani abu zai fito.

Sau biyu na gwada gaya masa. Na farko a waya, bayan mun gama gaisuwa da tambayar iyali, na ce Yaya, tsohon nan fa ya gargaɗe ni, ni na ɓoye maka. Ya fashe da dariya ya ce wai yau kuma da wannan na zo, to ya ji, ya ƙara mini shekara goma a bauta. Na biyu na rantse masa har da kuka. Ya ce wai kai, Bakatsine har kukan ƙarya ya iya, ya kira matarsa ta zo ta ji sabon wasan. Shekara da shekaru na yi ina sayar masa da ƙarya yana saye da dariya, ranar da na kawo gaskiya sai ya biya ni da irin kuɗin da ya saba. Ko kuwa ya gane sarai, ya zaɓi ya bar ni a cikin wasa don kada zumunci ya tsage, wannan ban sani ba, kuma ba ni da fuskar tambaya.

Abin da na koya ba shi da tsawo. Ban daina barkwanci ba, da shi aka haife ni, ranar da na daina ku zo da likkafani. Amma na gane akwai lokacin da mutum yake ajiye wasa ya tambaye ka da gaske, kuma a lokacin nan kalmomi uku ne ake bukata: ban sani ba. Ga 'yan uwana da ke zaune a ƙasashen mutane, musamman mu da aka ɗora wa rawanin sani a wurin shayi, ku ji tsoron ranar da wani zai ɗora rayuwarsa a kan surutunku. Ilimin gida ilimi ne, amma na gida ne. In ɗan ƙasa ya zaunar da kai yana gaya maka halin ƙasarsa, ka rufe baki ka buɗe kunne, ka kuma kai saƙon yadda aka ba ka shi, ko da zai rage maka tsawo.

In gari ya yi garau bayan ruwan sama, daga hawa na sha huɗu inda nake zaune ana hango duwatsun can nesa, farare, a jere. Matata ta lura ina daɗewa a wurin shanya a irin ranakun nan. Ta tambaye ni me nake kallo, na ce ina duba ko kaya sun bushe. Ta ce kayan da ta kwashe tun jiya?