Buzuzun da Penbuy Ya Sassaƙa wa Matarsa

Penbuy mai sassaƙa buzuzun dutse ne a unguwar masu sana'a ta birnin Waset a zamanin fir'aunoni, kuma tun yana saurayi zama wuri ɗaya ba ya yi masa. Sai ya fara fitar da fiffike, ya ajiye, ya leƙa bakin kogi, ya dawo. Amma hannunsa da kyau. Ƙanana yake yi na zobe da sarƙar wuya, jefi-jefi kuma manya, irin waɗanda ake ɗora wa mamaci a ƙirji. Rubutun da ke ƙarƙashinsu kwaikwayo kawai yake yi daga wani tsohon samfuri, don bai iya karatu ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Shekarar da matarsa Huneru ta rasu, ya ɗauko wani koren dutse da ya daɗe yana ɓoyo, ya ce nata zai yi kafin masu naɗe gawa su gama. Ya je wurin Kenna marubuci don a nuna masa sunanta a rubuce, nan ya tambayi ma'anar sauran rubutun da ya saba kwaikwaya. Kenna ya ce roƙon zuciya ne, kada ta ba da shaida a kan mai ita ranar da za a auna ta.

"Ita me za ta ɓoye?" in ji Penbuy. "Matar da ko albasar maƙwabta ba ta taɓa tsinka ba."

"To ka ajiye wa kanka mana, ɗan'uwa," Kenna ya ce yana dariya.

Maganar ta tsaya masa a rai. Akwai shekarar da kogi ya ƙi cika, ya bi wani jirgi arewa ba sallama, ya bar Huneru da goyo. Da ya dawo bayan shekara biyu, 'yar da ya bari a goye ta rasu. Huneru ta zuba masa abinci, har ta mutu ba ta tada zancen ba.

Kwana uku yana zagaya gari, dutsen a hannu. Daga ƙarshe ya tarar da Tabes, yayar Huneru, tana niƙan sha'ir, ya tambaya ko marigayiyar ta taɓa yin maganar.

"Sau ɗaya," in ji Tabes, ba ta ko ɗago ba. "Cewa ta yi ba ta san inda za ta aika a gaya maka ba."

Ya koma ya zauna, ya gama aikin cikin kwana tara, ya kai wa masu naɗe gawar da kansa. Bayan jana'iza ya bar wa Tabes ɗakin, ya naɗe kayan aikinsa ya gangara birnin Mennefer. Can ma bai wuce shekara ba. Masu jirgi sun ce sun gan shi a garuruwan bakin teku, yana sayar wa mata buzuzun zobe.